Madambacin Makullai

Duk macen da ta yi karatu a jami'ar gwamnati ta nan Gabes, garinmu na Larabawa a arewacin Afirka, ta kwana a gidan kwanan 'yan mata na bayan kasuwar kifi, in ka ambaci Inna Shadliya sai ta ajiye abin da take yi. Wata ta fashe da dariya, wata ta share ido da bakin mayafi. Ni dai ban taɓa ganin mace mai taurin kai irin nata ba, kuma wallahi ban taɓa ganin taurin kan da ya yi rana kamar nata ba.

Ba shugaba ba ce, ba malama ba. Aikinta raba makulli da bargo, sai karɓar zannuwan gado in an dawo da su daga wanki. Karatunta a firamare ya tsaya. Mijinta masunci ne, teku ta tafi da shi tana da shekara talatin da biyar, ba ɗa ba jika. Wani ɗan'uwan mijin ne ya nema mata aikin, aka ba ta ɗan ɗaki a bakin ƙofa, mai fanka da famfo. Duk duniya nan ne wurin kwananta, ba ta da wani.

Gidan hawa huɗu ne, fuska biyu gare shi. Ɗakunan gaba suna kallon teku da itatuwan dabino, iska na shiga ta taga kamar an aiko ta. Na baya kuwa rana ke dukan bangonsu daga azahar har faɗuwarta, bolar kasuwar kifi na ƙarƙashin tagoginsu, ruwa ba ya hawa sama da hawa na biyu sai in ya ga dama. Nan ake zuba ɗaliban da gwamnati ta ɗauko karatu daga Mali da Chadi da Kwaddibuwa. 'Yan mata har suna suka sa wa ɓangaren, wai Afirka. Ka ji fa, sai ka ce mu a Turai muke zaune! Ba wanda ya rubuta wannan tsari a takarda. Haka Shadliya ta tarar, haka ta ci gaba da yi: ta dubi fuskar yarinya, fara ta nuna mata layin dama, baƙa ta nuna mata na hagu.

A Satumbar shekararta ta biyu ne Allah ya kama ta. Ana zafi, layi ya yi tsawo, sai ga wata yarinya baƙa, doguwa, riƙe da ƙunshi a hannu, ta tsaya a layin dama. Shadliya ta ɗaga yatsa ta nuna hagu, ta haɗa da ɗan Faransancinta na kasuwa.

"Fasfo! Fasfo! Can, can!"

Yarinyar ba ta motsa ba. Ta buɗe baki, sai ga Larabcin ƙauyukanmu na kudu tsantsa, irin wanda Shadliya ta tashi tana ji.

"Fasfon me, Inna Shadliya? Daga ƙauyenku na zo, motar safe na hau. Ni ce Sundus 'yar Masa'uda."

Shadliya ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ai lokacin da aka haifi Shadliya uwarta ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe. Dada Mbarka, wata baƙar mata da ke musu aiki a gonar lalle, ita ta ɗauke ta ta haɗa da 'yarta Masa'uda, ɗaya a dama ɗaya a hagu, shekara biyu cur. Mutanen gidansu sukan ce "Dadarmu, Dadarmu" da baki mai zaƙi, amma ba su taɓa sa hannu a akushi ɗaya da ita ba. Shadliya ta yi aure ta taho birni, yau za ta je gobe za ta je, har shekara goma sha biyar ta wuce ba ta leƙa tsohuwar ba.

"Ina Dada?" in ji Shadliya.

"Ta rasu da azumi. Ta ce in na zo in kawo miki wannan, ta ce a gaya wa 'yarta Shadliya ta yafe mata nonon da ta sha."

Ta kwance ƙunshin. Madambacin kuskus ne na jan ƙarfe, ya lotsa ta gefe ɗaya, wanda Dada ke turara musu abinci suna yara. Shadliya ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi wuf ta zaro makullin ɗaki mafi kyau a gidan, hawa na biyu, mai kallon teku, ta miƙa mata.

Sundus ta dubi makullin, ta waiwaya ta dubi layin hagu, inda 'yan mata tara ke tsaye a rana da akwatunansu.

"Waɗancan ba su da kakar da ta shayar da ke, ko? To ajiye abinki. Ba ni na bayan."

Ba irin roƙon da Shadliya ba ta yi ba, yarinyar nan ta kafe. Ta yi shekarar a hawa na huɗu na baya. Shadliya kuwa kullum sai ta ɗauki bokitin ruwa ta hau mata da shi, wai ko ta rage kunya. A nan ta ga abin da idonta bai taɓa tsayawa ya gani ba: yara suna jiƙa zani su rataye a taga saboda zafi, suna karatu da tsumma a hanci, wata daga Chadi ta suma sau biyu a watan jarrabawa. Gani ya kori ji. Ta gane ashe hannunta ne, yatsanta ɗin nan guda, ke tura su can.

Da Satumba ta zagayo sai ta shiga ofishin shugaban gidan na lokacin, wani tsoho da koke-koken iyaye suka ishe shi, ta dire masa madambacin a kan tebur. Ta ce a zuba makullan gidan duka a ciki, a rufe da zani, kowace yarinya ta sa hannu ta ɗauki rabonta. Tsohon ya yi murmushi. Ba adalci ya hango ba, kar in yi masa ƙarya. Ya hango cewa duk uban da ya bugo waya zai ce masa, "Ba ni ba ne, Alhaji, madambaci ne." Ya ce a yi.

Ranar farko wata 'yar birni mai kaifin baki ta ci ɗakin baya, ta murguɗa baki.

"Da sauƙi ki ce mana rabo, Inna, tunda ke kina kwance ƙarƙashin fanka a bakin ƙofa."

Shadliya ta dube ta, ta dubi makullin da ke rataye a wuyanta, ta ce, "Kin yi gaskiya, 'yar nan, ko da yake bakinki ba ladabi." Ta cire shi ta jefa a madambacin. Ta sa aka ƙara gado na biyu a ɗakinta ya zama kamar sauran. Ta ce daga yau ita ce ta ƙarshen ɗauka, duk makullin da ya rage shi ne nata.

To, jama'a, shekara ashirin da ɗaya matar nan tana haka. Kowace Satumba ta naɗe katifarta ta bi makulli. Ta kwana a gaba, ta kwana a baya, ta kwana da 'yar Sfaks ta nan ƙasarmu, ta kwana da 'yar Bamako, ta kwana da wata Kirista 'yar Kamaru da ke tashinta sallar asuba in barci ya ɗauke ta. 'Yan mata kan yi addu'a kar su ci Inna saboda minsharinta, wanda aka ce har hawa na ƙasa ana ji. Wadda ta ci ta kuma sai ta yi ƙiba, don ba ta rabo da dabino da rumman da shayi mai na'ana'a. Dokokinta uku ne: a naɗe hannun riga, a kau da kai, kuma ba musanya ko da 'yar gwamna ce.

Kar wani ya zaci gidan ya koma aljanna. An yi faɗa a kan ƙaurin busasshen kifi, an yi a kan yajinmu na harisa, an yi a kan waƙa da tsakar rana. Wata uwa ta taɓa zuwa da kwalbar ruwan wanke ƙasa ta hau goge gadon da 'yar Mali ta kwana a bara. Shadliya ta tsaya ta bar ta ta gama tsaf, sannan ta ce, "Sannu da aiki, Hajiya. Ga sauran gadaje ɗari biyu can, tunda kin zo da kayan aiki." In aka ce mata ai madambacinki bai sa sun so juna ba, sai ta ce ita ba ta ɗauki kwangilar zukata ba, wannan aikin Allah ne. Nata dai kar yarinya ta dubi ɗakinta ta san fatarta ce ta kai ta. Da aka kafa doka a kan wariyar launi, jami'a ta aiko da takarda aka manna a bango. Ta sa aka karanta mata, ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla. Amma takarda ba ta da hannu, sai an ara mata."

Sai shekarar da gari ya ɗauki zafi a kan baƙi. A kasuwa, a motar haya, a gidan wanka, magana ɗaya ce: sun yi yawa, sun cinye mana, su koma. Masu gidajen haya suka riƙa fitar da kayan mutane waje. A wannan shekarar aka kawo sabuwar shugaba, Madam Najat, mace mai tsafta da son tsari, ba muguwa ba, amma wayarta ba ta hutawa. Iyaye ne ke bugowa, kowa ba ya son 'yarsa ɗaki ɗaya da baƙuwa. Wanda ya fi kowa naci wani mai jiragen kamun kifi ne, uban wata Durra, wadda bara ta ci ɗaki da Akisi 'yar Kwaddibuwa suka shekara suna faɗa kamar kaji.

Ana gobe rabon ɗakuna Madam ta kira Shadliya, ta miƙa mata takardu huɗu da inji ya buga.

"Inna, bana ba madambaci. Ga jerin sunaye. Baƙin nan mun tara su wuri ɗaya a baya don tsaron lafiyarsu, kin ga yadda gari yake."

Shadliya ta sa tabarau tana bin sunayen da yatsa, a hankali, yadda take karatu. Ta tsaya.

"Ranki ya daɗe, wannan Mabruka ai 'yar ƙasa ce, daga Madanin. Wannan ma. Wannan kuwa ubanta direban asibitin nan ne. Wace ƙasa suka fito?"

Madam ta karɓa ta duba, kunnenta ya yi ja. Ashe akawu hotunan fom ya bi ya ware, bai ko dubi garin haihuwa ba.

"Kuskure ne, za a mayar da su gaba."

"A mayar da uku a bar sauran? Ni ma na taɓa yin wannan gyaran, ranki ya daɗe, yarinya ƙarama ta kunyata ni. In tsaro ne, ai ɗakunan baya su ne a bakin titi. Duk mai jifa nan zai fara samu."

"Inna, ba shawara na kira ki ba. Umarni ne. Wata takwas ya rage miki ki yi ritaya. In kika ƙi, dole in rubuta a dakatar da ke, kuma wanda aka dakatar ba ya kwana a gidan gwamnati. Ki yi wa kanki faɗa."

Kar ku ce ba ta ji tsoro ba. Ta ji ƙwarai. Mace mai shekara kusan sittin, gwiwa ta lalace, ba ɗa, ba gida, sai wani ɗan mijin 'yar'uwa da ko gaisuwar salla ba ya aiko mata. Ta ce a ranta shekara ɗaya ce, in an bar kaza cikin gashinta wata Satumbar sai a dawo da abin. Da safe ta ɗauki takardun ta zauna a teburinta a tsakar gida, makullai jere a gabanta, madambaci a ƙarƙashin kujera.

Ta farko a layi Akisi ce, da jakarta da 'yar tukunyar da take dambun rogo a ciki. Ta riga ta naɗe hannun riga, tana dariya.

"Inna, ina abin? Bana na yi azumi uku kar in sake cin Durra."

Shadliya ta dubi takarda. Hawa na uku, baya. Ta ɗaga hannu za ta nuna mata hagu, sai ta ga yatsan nata a sama. Shi ne dai, yatsan nan, ya tsufa ya lanƙwashe amma bai manta hanya ba. Ta tsaya tana kallonsa har layin ya fara gunaguni. Sannan ta sauke shi a hankali, ta miƙe, ta tattara takardun ta kai wa Madam Najat da ke tsaye bakin ofis.

"Ga aikinki, ranki ya daɗe. Hannuna ya ƙi."

"To kawo makullinki."

Ta cire shi daga wuya ta ba ta. Madam ta jefa a aljihun riga. Shadliya ta ƙulle tufafinta a zani, ta ɗauki madambacinta, ta fita. Ta zauna a kan dakalin mai gadi a wajen ƙofa, cikin rana, wai tana jiran motar haya, alhali ita kanta ba ta san inda za ta ce a kai ta ba. Motoci uku suka wuce ba ta ɗaga hannu ba.

A ciki Madam da akawu suka raba makullai bisa takarda, kafin azahar sun gama. Gadon Shadliya kawai aka bari ba kowa.

Can sai ga Durra ta fito, tana taku ɗai-ɗai da takalminta mai tsini, makullin hawa na biyu mai kallon teku na lilo a yatsanta. Shadliya ta zaci sallama ta zo yi, ko dariya. Yarinyar ta tsaya a kanta, ta ɗage zanin da ke rufe da madambacin, ta saki makullin. Ƙarar faɗuwarsa a jan ƙarfen nan har cikin gida aka ji.

"Ke, ubanki fa?" in ji Shadliya.

"Shi zai kwana a ɗakin?" Ta juya wajen Akisi da ta biyo ta. "Ke kuma kar ki ce don ke na yi, mai dambun tsami. Wallahi in na sake cin ki sai na bar karatun."

"Allah ya kiyaye ni da ke, sarauniyar madubi," in ji Akisi, ta jefa nata.

Daga nan sai ƙofa ta cika. Tsofaffin ɗalibai suka fara, sababbi suka bi su ba su ma gama gane abin da ake yi ba. Ƙarar makullai kawai kake ji, ɗaya bayan ɗaya, har madambacin ya yi wa cinyar Shadliya nauyi. Ba duka suka fito ba, gaskiya ɗaya ce. Wajen ashirin sun shige ɗakunansu sun murza makulli. Amma titi ya toshe, masu kifi sun bar tebura sun zo kallo, wani direba ya kashe motarsa ya hau kanta. Ita kuwa tsohuwar ta riƙe kunnuwan madambacin da hannu biyu, hawaye na sauka, tana faɗa.

"Ku koma, 'yan banza! Za ku ja wa kanku! Ku koma na ce!"

Ba wadda ta saurare ta.

Sai ga Madam Najat ta keto taron, fuska a murtuke, wayarta na kuka a hannu. Aka dare mata. Ta tsaya ta daɗe tana kallon 'yan matan nan, farare da baƙaƙe, duk sun naɗe hannun riga suna jira. Ta sunkuya ta ɗaga zanin kamar mai duba abin da ke ciki, ta mayar ta rufe. Ta ce, "Kun toshe wa mutane hanya. In za ku yi shirmenku ku yi sauri." Ta kashe wayar ta koma ciki.

Shadliya ta share fuska, ta girgiza madambacin sau uku yadda ta saba, ta ce bismillah. Aka fara ɗauka a nan bakin titi. Mai murna na tsalle, mai kuka na kuka. Akisi ta ci hawa na ɗaya a gaba ta rangaɗa guɗa irin tamu. Durra ta sa hannu ta zaro hawa na huɗu, baya, saitin bola. Ta dubi sama ta ce, "Na gode, wannan shi ne ladan nawa?" Aka kwashe da dariya.

Da ta ƙarshe ta ɗauka, Shadliya ta ja madambacin za ta naɗe zani, sai ta ji wani abu ya yi ƙara a ciki. Ta sa hannu. Makulli ɗaya ya rage. Kowace yarinya ɗaya ta jefa ɗaya ta ɗauka, don haka ba inda ragowar zai fito sai daga aljihun Madam, lokacin da ta ɗaga zanin nan. Takardar dakatarwar ma ba a taɓa ganin ta ba har yau.

Shadliya ta nisanta makullin daga ido tana karanta lamba. Durra ta leƙa ta kafaɗarta, ta ga lambar ɗakinta ce, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni Allah! Ga bola, ga rana, ga minshari!"

Aka ce a yi wa Inna alfarma bana a sauko da ita ƙasa saboda gwiwa. 'Yan mata wajen goma suka miƙo makullansu. Ta harare su.

"Ba musanya. Ko kun manta?"

Durra ta ɗauki ƙunshin kayan, ita ta rungume madambacin, suka kama matakala. A hawa na biyu ta zauna ta huta. A na uku ta jingina da bango tana haki, gumi ya jiƙa mata mayafi.

"Inna, don Allah," in ji Durra, wannan karon ba wasa a muryarta, "har yaushe za ki riƙa wahalar da kanki haka?"

Shadliya ta shafa lotsattsen gefen madambacin da tafin hannu, ta gyara masa zama a ƙugunta.

"Wadda ta goya ni shekara biyu ba ta taɓa cewa gwiwa ba. Wuce mu je, saura hawa ɗaya."